Ƙwacen Waya da Faɗan Daba a Biranenmu: A Ina Hukunci Yake Maƙalewa?

Duk lokacin da aka sake caka wa wani wuƙa a kan waya a Kano, kira iri ɗaya ake ji daga mumbarin Juma'a, da shirye-shiryen rediyo, da shafukan sada zumunta: a tsananta hukunci, a daina ba su beli, wanda ya kashe a kashe shi. Masu wannan kira suna da hujja mai ƙarfi, domin al'amarin ya kai inda magidanci ke fargabar amsa waya a bakin titi bayan magariba, ɗalibi ke ɓoye wayarsa a cikin safa kafin ya hau adaidaita sahu, kuma rikicin daba tsakanin unguwanni irin su Ƙofar Mata da Zango da Yakasai, ko a Dorayi da Kurna da Sheka, kan tilasta wa masu shaguna rufewa da rana tsaka. Kowane birni yana da sunan da yake kiran nasa. A Bauchi 'yan sara-suka ne, a Gombe 'yan kalare, a Yola 'yan shila, a Katsina ƙauraye, a Kaduna 'yan shara, a Abuja kuwa akwai masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi su wurgar da shi a hanya. A ƙarshen 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da wani rahoto da ya kiyasta cewa an sace wayoyi sama da miliyan 25 a Najeriya cikin shekara guda, kuma duk da cewa rahoton ya jawo cece-kuce, sannan adadin ya haɗa da satar da ba a yi amfani da makami ba, babu mazaunin birni da zai yi musun girman matsalar.

Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne ma'anar tsanantawar da ake nema. Mutane da yawa suna zaton dokar Najeriya ce ke da sassauci, alhali kuwa dokar fashi da makami tana cikin mafiya tsauri da ƙasar nan take da su. Gwamnatin soja ce ta kawo ta a 1970 bayan yaƙin basasa, aka sabunta ta a 1984, kuma har yanzu tana aiki. A ƙarƙashinta, wanda ya yi fashi ba tare da makami ba zai sha ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba, wanda kuwa ya yi fashi ɗauke da bindiga ko wani makami mai cutarwa, ko yana tare da mai ɗauke da shi, ko ya raunata mutum yayin fashin, hukuncinsa kisa ne. Wuƙa da adda da barandami duk sun shiga cikin makaman da dokar ke nufi. Saboda haka lokacin da majalisar tsaro ta jihar Kano ta sanar a watan Mayun 2023 cewa za a riƙa ɗaukar ƙwacen waya a matsayin fashi da makami, ba sabuwar doka aka kafa ba, an dai tunatar da jama'a abin da ke rubuce tun tuni. Ita ma dokar shari'ar Musulunci da Kano ta fara aiki da ita a 2000 ta tanadi hukuncin hiraba, wato fashi da makami, wanda aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta zo da shi, kuma a mazhabar Malikiyya ba a bambanta tsakanin wanda ya tare hanya a daji da wanda ya zare makami a tsakiyar gari.

Idan haka ne, tambayar ita ce: me ya sa yaron da ke zare ɗanbida a kan wayar dubu hamsin ba ya tsoron dokar da ta ce za a rataye shi? Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce bai taɓa ganin dokar ta cim ma wanda ya sani ba. Ya ga an kama abokinsa, ya ga hotonsa a hedikwatar 'yan sanda ta Bompai an jera wuƙaƙe da wayoyi a gabansa, sannan bayan 'yan watanni ya gan shi ya dawo unguwa yana taƙama. Mai laifi ba ya auna nauyin hukuncin da ke cikin littafi, abin da yake aunawa shi ne yiwuwar a kama shi, da yiwuwar kamun ya kai ga yanke hukunci, da tsawon lokacin da hakan zai ɗauka. Tarihin ƙasar nan ma ya nuna haka. A shekarun 1970 ana harbe 'yan fashi a bainar jama'a a bakin teku a Legas, an harbe Oyenusi a 1971, an harbe Anini a Benin a 1987, amma fashi bai ƙare ba, sai ma ya ƙara yaɗuwa a shekarun da suka biyo baya.

Ya kamata a bi hanyar da ƙara ke bi daga ranar kamu zuwa ranar hukunci, domin a nan ne matsalar take, kuma wannan ɓangare ne da ba a cika tattaunawa a kansa ba saboda ba shi da armashin labari. Matakin farko shi ne kai rahoto. Da yawan waɗanda aka yi wa ƙwace ba sa zuwa ofishin 'yan sanda, sai dai su garzaya su rufe layi da asusun banki, su ce Allah ya isa. Dalilinsu sananne ne: sun san za a iya neman su kawo kuɗin mai ko kuɗin bin sawun waya, sun kuma san zirga-zirgar da za su yi za ta iya fin ƙimar wayar. Laifin da ba a rubuta ba kuwa tamkar bai faru ba ne a idon hukuma, kuma yaron da ya yi ƙwace sau goma ana iya gurfanar da shi a matsayin wanda ya yi na farko.

Mataki na biyu shi ne bincike. Jami'in da aka danƙa wa ƙara yakan riƙe ƙararraki da dama a lokaci guda, ba shi da motar zuwa wurin da abin ya faru, ba shi da kayan ɗaukar zanen yatsu ko gwajin jini, saboda haka sai ya dogara da hanya mafi sauƙi, wato amsa laifi daga bakin wanda ake zargi. Wannan ita ce hujjar da ta fi saurin rushewa a kotu. Da zarar lauyan wanda ake ƙara ya ce da duka aka karɓi jawabin, dole alƙali ya tantance gaskiyar hakan, kuma idan ta tabbata an yi azabtarwa sai a yi watsi da jawabin, ƙarar ta tsaya ba ta da ƙafa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki irin wannan jawabi a rubuce, ta kuma ba da damar a naɗe shi a bidiyo, sannan ta ba wanda ake zargi damar yin jawabi a gaban lauya. Jami'in da ya tsallake waɗannan tanade-tanade yana ganin ya yi zafin nama, amma shi ne ya buɗe wa mai laifi ƙofar fita. Masu ganin kare haƙƙin wanda ake zargi yana cin karo da tsananta hukunci ya dace su lura da wannan wuri, domin bin ƙa'ida a ofishin 'yan sanda shi ke sa hukunci ya tsaya har kotun ɗaukaka ƙara.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi cin lokaci. Kotun majistare ba ta da hurumin sauraron laifin da hukuncinsa kisa ne, amma can ake fara kai wanda aka kama domin a sami umarnin tsare shi a gidan gyaran hali. Daga nan sai a aika kundin bincike ma'aikatar shari'a, lauyoyin gwamnati su duba su ba da shawara kan ko akwai hujjar da za ta isa a gurfanar da shi a babbar kotu. Dokar tarayya ta 2015 ta ƙayyade kwana 14 ga wannan shawara, ta kuma ƙayyade wa'adin tsarewa, ta ce a riƙa sauraron shari'a kullum idan an fara, ta kuma taƙaita yawan ɗage zama. Kano ta yi irin tata dokar a 2019 a kan wannan manufa. A aikace kuwa kundi yakan yi watanni, wani lokaci shekaru, tsakanin ofishin 'yan sanda da ma'aikatar shari'a. Sakamakon haka shi ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali na Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. A gidan yarin Kurmawa da ke Kano, wanda aka gina tun farkon mulkin Turawa, da na Goron Dutse, yaron da aka kama a samame bisa kuskure yana kwana ɗaki ɗaya da gawurtaccen ɗan fashi, kuma idan ya fito ya fito da ilimin da bai shiga da shi ba. Tsarin da ke riƙe mara laifi shekara uku shi ne dai yake sakin mai laifi idan shaidu sun gaji.

Batun shaidu yana buƙatar a tsaya a kansa. Wanda aka yi wa ƙwace a unguwa sau da yawa ya san wanda ya yi masa, ya san gidansu, kuma shi ma wancan ya san nasa. Idan ya yarda zai ba da shaida, zai bar sana'arsa ya biya kuɗin mota ya je kotu, a ce masa an ɗage saboda alƙali yana wani aiki, ko motar gidan yari ba ta kawo wanda ake ƙara ba, ko an yi wa jami'in bincike canjin wurin aiki zuwa wata jiha. A tsakanin zama da zama abokan wanda ake ƙara suna wucewa ta ƙofar gidansa, iyayen yaron kuma suna turo dattawa da limamin unguwa a yi haƙuri a yafe. Mutum nawa ne zai jure wannan har shekara biyu? Idan ya janye, ƙara ta mutu, jama'a kuma su ce alƙali ya ci cin hanci, alhali alƙali ba ya iya ɗaure mutum babu shaida. Cin hanci yana nan, babu mai musu, amma ƙararraki da yawa gajiya da tsoro ne ke kashe su.

Akwai shari'ar da ta nuna cewa wannan jinkiri ba ƙaddara ba ce. An sace Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar, a Kano a watan Disambar 2021, aka gano gawarta a watan Janairun 2022, kuma kafin ƙarshen watan Yulin wannan shekarar babbar kotun jihar ta yanke hukuncin kisa. Kotunan da ake kuka da su ne suka yi wannan aiki, da dokokin da ake cewa ba su da ƙarfi. Abin da ya bambanta shi ne idon duniya yana kan shari'ar, gwamnati ta sa manyan lauyoyinta, shaidu sun zo a kan lokaci, babu wanda ya yi gangancin ɓatar da kundi. Ɗan dakon da aka kashe a lungu a kan ƙaramar waya, wanda labarinsa bai wuce kwana biyu a bakin jama'a ba, ya cancanci irin wannan himma, kuma rashin samunta ne ke sa talaka ya yanke ƙauna daga kotu.

Game da hukuncin kisa kansa, akwai sama da mutum 3,000 da ke jiran a zartar musu da shi a gidajen gyaran hali, kuma rabon da a ji an zartar da shi a Najeriya tun 2016 a jihar Edo. Sai gwamna ya sa hannu bayan an gama ɗaukaka ƙara, gwamnoni kuwa suna ƙin sa hannu. Mai goyon bayan hukuncin yana da haƙƙin ya tambaye su dalili, domin doka ce suka yi rantsuwar kiyayewa. Sai dai ko da duk gwamnoni sun sa hannu gobe, hakan ya shafi waɗanda shari'arsu ta kai ƙarshe ne kawai, su kuwa ƙalilan ne idan aka kwatanta da waɗanda ƙararsu ta narke a hanya.

Babu yadda za a yi maganar daba a bar siyasa. Daba ta samo tushe daga ƙungiyoyin 'yan farauta da 'yan tauri na unguwanni, amma 'yan siyasa ne suka mayar da ita sana'a mai albashi, tun daga 'yan bangar zamanin jam'iyyun NEPU da NPC har zuwa yau. A Gombe, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta yi bayani a rahotonta na 2007 kan yadda 'yan siyasa suka yi amfani da 'yan kalare. A Kano kuwa ba a manta abin da ya faru a mazaɓar Gama a zaɓen cike gurbi na watan Maris 2019 ba, lokacin da masu makamai suka mamaye rumfunan zaɓe. Babu jam'iyyar da za ta wanke kanta daga wannan. Yaron da aka ba ƙwaya da kuɗi da adda a lokacin kamfe ba ya mayar da addar bayan an rantsar da mai gidansa, kuma ya riga ya koyi darasi mafi haɗari, wato cewa idan an kama shi akwai wanda zai buga waya a sake shi. Duk kiran tsananta hukunci da ya tsaya a kan yaron, ya kasa kaiwa ga wanda ya saya masa makami da wanda ya tsaya masa beli, zai zama zuba ruwa ne a kwando.

Haka nan ɓarayin zaune. Mai ƙwace ba ya buƙatar waya goma, kuɗinsu yake buƙata, kuma yana samu cikin sa'o'i saboda akwai mai saye, akwai mai goge bayanan waya, akwai mai farfasa ta ya sayar da sassanta, akwai kuma wanda ke amfani da layin ya kwashe kuɗin asusun banki. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code, kuma mai saye ya fi mai ƙwace sauƙin kamawa domin yana da teburi ko shago da adireshi. Mafi yawan 'yan kasuwar waya a Farm Centre da titin Beirut mutanen kirki ne masu neman halak, kuma su ne za su fi amfana idan aka wajabta rubuta lambar shaidar kowace tsohuwar waya da sunan mai sayarwa da lambarsa ta zama ɗan ƙasa kafin ciniki. Idan kamfanonin sadarwa suna rufe wayar da aka ba da rahoton sace ta ta yadda ba za ta ƙara aiki a kowane layi ba, ƙimar wayar sata za ta faɗi ƙasa, kuma wannan zai rage ƙwace fiye da duk wani samame.

Gwamnati da 'yan sanda a Kano sun gwada wata hanya, wato afuwa ga tubabbun 'yan daba. A 2023, lokacin da Mohammed Usaini Gumel yake kwamishinan 'yan sanda, an gayyaci shugabannin daba su miƙa wuya, da yawa sun ajiye makamai, har aka ɗauki wasu aikin 'yan sandan sa-kai, lamarin da ya jawo suka daga sassa daban-daban. Ba na ganin buɗe ƙofar tuba a matsayin rauni, domin ayar da ta biyo bayan ayar hiraba ta keɓe waɗanda suka tuba tun kafin a ci ƙarfinsu. Amma malamai sun bayyana cewa tubar tana ɗauke haddi ne, ba ta ɗauke haƙƙin mutane na jini da dukiya. Afuwa ga yaron da ke bin zuga bai kai ga zubar da jini ba abu ne mai ma'ana, musamman idan an haɗa ta da raba shi da ƙwaya da koya masa sana'a da bibiyarsa. Wanda ya kashe rai kuwa, babu kwamishina ko gwamnan da ya dace ya yafe masa a madadin iyalan mamaci ba tare da an je gaban alƙali ba.

Akwai kuma masu cewa tunda hukuma ta gaza, jama'a su yanke hukunci da hannunsu. Fushin da ke haifar da wannan magana abin fahimta ne, amma mutanen Kano sun ɗanɗani sakamakonta a watan Maris 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyar dawowa gida daga Fatakwal, bisa zargin da babu wanda ya tsaya ya bincika. Taron da ya amsa ihun ɓarawo ba ya tambayar hujja, kuma wanda ke da gaba da wani yana iya yin ihun. Haka ma ba jami'an tsaro lasisin yin abin da suka ga dama: rundunar SARS an kafa ta ne don yaƙi da fashi, ta ƙare an rushe ta a watan Oktoban 2020 saboda zaluncin da ta yi wa waɗanda aka kafa ta don karewa. Samamen da ke kwashe duk wani matashi da aka gani a bakin layi, sannan iyaye su bi da kuɗin beli, yana raba 'yan sanda da mutanen da ya kamata su riƙa ba su bayanan sirri.

Talauci da shaye-shaye suna da nasu kaso. Masana'antun Sharada da Challawa da Bompai da suka ɗauki iyayen waɗannan yara aiki da yawansu sun rufe, cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ƙara tsadar rayuwa, kuma binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Amma miliyoyin matasa matalauta suna tura baro suna sayar da ruwa ba su taɓa zare wa kowa wuƙa ba, kuma su ne ma aka fi yi wa ƙwacen, don haka talauci ba uzuri ba ne da zai hana a hukunta wanda ya yi.

Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, jami'anta ba su kai 400,000 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma gwamnoni sukan fake da wannan su ce ba su da iko. Muhawarar 'yan sandan jihohi tana da muhimmanci, sai dai yawancin wuraren da ƙara ke maƙalewa a hannun jiha suke tun yanzu. Ma'aikatar shari'a ta jiha ce, babbar kotu da kotunan majistare na jiha ne, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi suna da damar gina gidajen gyaran hali nasu. Gwamna yana iya ƙara lauyoyin gwamnati, ya ware alƙalan da za su riƙa sauraron shari'ar fashi da daba kaɗai, ya biya wa shaidu kuɗin mota ya kuma ba su kariya, ba tare da jiran Abuja ba. Jama'a kuma, a maimakon su gamsu da sanarwar an kama mutum ɗari biyu, suna da haƙƙin neman kwamishinan shari'a ya riƙa bayyana musu duk bayan wata uku: cikin waɗanda aka kama nawa aka gurfanar a babbar kotu, nawa aka yanke wa hukunci, nawa aka sallama saboda rashin shaida, nawa kuma aka janye ƙararsu da umarnin wani babba, tare da sunan wanda ya tsaya wa kowannensu beli.